Motata ba ta ja a Hawan Kibo, me zan ƙara wa injin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2004, mai inji 1.8, otomatik, 'yar Kwatano ce na saya shekara uku da suka wuce. Aikina a Abuja, iyalina a Jos, kusan duk wata ina kan hanya. In na ɗauko mutane da kaya, a Hawan Kibo sai ka ce turata ake yi, wuce tirela kuwa sai da addu'a. Abokai sun ce in cire indomi (matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa), in sa babbar salansa da iyakilina (matatar iskar inji) irin ta 'yan tsere, wani kuma ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari ta ƙara wa injin ƙarfin doki 30. Ba ni da kuɗin turbo. Wanne zan fara da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin huɗun nan babu wanda zan ce ka fara da shi, biyu daga ciki ma ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Amma kafin in ɓata wa abokanka shawara, bari mu ɗan yi lissafi, don in ka ga ta inda ƙarfin yake zurarewa, kai da kanka za ka san inda ya dace ka sa kuɗinka.

Injin fetur da numfashi yake rayuwa. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tas sai ya samu iska kilo 14.7. Ƙara mai ba wuya, nozul mai fesa man ya ɗan daɗe a buɗe shi ke nan. Iskar ce matsala. Injin da ba shi da turbo ba shi da mai dura masa iska, abin da ya zuƙo da kansa shi ne rabonsa, kuma cikinsa ba ya ƙaruwa. Naka sunansa 1ZZ-FE, cikinsa cc 1,794, kuma Toyota ta rubuta masa doki 130 a juyi 6,000 a minti. To wannan 130 ɗin ka san a wane hali aka auna shi: inji sabo fil, iska mai nauyi kusan irin ta bakin teku, zafi digiri 25, ba esi, kuma a jikin injin aka auna tun kafin giya ta ci nata kason, wanda kan kai kusan kashi 15 cikin ɗari, a otomatik ma ya ɗara haka.

Yanzu kawo wannan injin hanyarka. Duk hawan mita 300 sama da teku, inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa, saboda iskar sama ba ta da nauyin ta ƙasa. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200. Ka ga kashi 12 ya tafi, 130 ya koma wajen 114, kuma wannan ba laifin bakanikenka ba ne, ikon Allah ne. Zafin rana ma yana cin nasa, kusan kashi ɗaya a duk ƙarin digiri biyar ko shida na iskar da injin ke shaƙa. Esi yana ɗauke doki uku zuwa biyar. Sai nauyi: motar ita kaɗai kusan kilo 1,150 ce, da kai a ciki a ce 1,220, wato kowane doki yana jan kilo tara da ɗan wani abu. Zuba manya huɗu, ka tsaya a Akwanga ka cika but da doya da galan ɗin manja, sai ga ku a kilo 1,600. Raba 1,600 gida 110. Kowane doki yanzu kilo goma sha huɗu da rabi yake ja, kuma a kan hawa. Motar da ba abin da ke damunta ma sai ta yi nishi a haka. Doki biyar ko shida da salansa za ta iya ba ka, in ma ta bayar, ina za su kai a wannan lissafin?

Abin da zan gaya maka yanzu ko sisi ba za ka kashe a kansa ba, kuma ya fi duk abin da za ka sayo a kasuwa. Dubi agogon juyin injinka, wanda aka rubuta 1 zuwa 8. Ƙarfin doki ba wani abu ba ne da injin ke riƙe da shi kullum. Ƙarfin murɗawa ne ake ninkawa da yawan juyi. Injinka ya fi murɗawa a juyi 4,200, inda yake ba da Nm 170 a ma'aunin murɗawa, wato doki 100 cif a wannan wurin. A 6,000 yake kai 130. A juyi 2,000 kuwa, ko da a ce yana murɗawa iya ƙarfinsa, wanda ba ya yi, lissafi ba zai ba shi doki 50 ba. Yawancin direbobinmu a tsakanin 1,800 da 2,500 suke rayuwa, musamman tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya koyi lallaɓa totur. A cikin gari hakan daidai ne. Amma mutum ya tunkari Hawan Kibo da cikakkiyar mota a giya ta huɗu, allura na kan 2,200, sannan ya ce mota ba ta ja, ai kashi ɗaya cikin uku na injin kawai ya taɓa.

A jikin sandar giyarka akwai maɓallin O/D. Kafin ka fara hawa danna shi, fitilar O/D OFF ta kama, motar ta daina shiga giya ta huɗu. Inda hawan ya yi tsanani, jawo sandar zuwa 2, ka bar allura tana yawo tsakanin 3,500 da 5,000. Za ka ji injin yana ihu, fasinja ma wataƙila ya ce Malam a hankali. Ka rabu da shi. Jan layi sai bayan 6,000 yake farawa, kuma ƙaramin inji mai lafiya, da baƙin mai mai kyau da ruwa a lagireto, ya fi son wannan ihun a kan a danne shi da lodi a ƙaramin juyi. Giyar ma ta huta da hawa da saukan da take yi tsakanin uku da huɗu, wanda shi ke dafa man giya. Haka wajen wuce tirela: kada ka manne a gindinta sannan ka fito kana jiran mota ta yi tunani. Ja baya ka ba ta tazara, kashe esi, sauke giya tun kana layinka, ka taho da gudunka, in hanya ta buɗe ka fita. In za ka gangaro ma ka bar ta a 2 ɗin, injin ya riƙe motar, kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, don wannan gangaren ya ci mutane da yawa.

To sai dawakan da suka ɓace maka a hanya. Motar ta haura shekara ashirin, ta yi rayuwarta a Amurka, ta zo nan ta bi hannun kanikawa iri-iri. Da wuya a ce 130 ɗin nan suna nan cif. Bari in ba ka labarin wata Pontiac Vibe da aka taɓa kawo mini, ita ma injinku ɗaya. Mai ita ya riga ya sa mata salansa mai bakin bokiti, tun daga kan kwana muka jiyo ta, ya sauko yana cewa ƙara kam ta samu amma ja babu. Ban ɗauko ko sifana ba tukuna, na ce wa yarona ya shiga ya take totur har ƙasa, inji a kashe, ni kuma na cire robar iska na leƙa bakin totur. Faifan da ya kamata ya miƙe sambal ya bar hanya a buɗe, a karkace ya tsaya, saura kusan kwata. Na leƙa ƙarƙashin feda, shimfiɗa biyu ce, ta kamfani da wata ta roba mai kauri da aka ɗora a kai, wayar totur ɗin kuma ta saki har tana lilo. Wato tun da ya sayi motar bai taɓa buɗe mata maƙogwaro gaba ɗaya ba. Muka zagaya da ita muka dawo, na bi wili huɗun ina kai bayan hannuna kusa, na baya na dama kamar tukunyar da aka sauke yanzu: wayar birkin hannu ta cije, birki na riƙe da taya ana tafiya. Muka gyara waɗannan biyun, muka wanke sensar iska, muka mayar da tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Ya fita gwaji ya dawo yana tambayata me na zuba mata. Taka ƙirar 2004 ce, ita ma totur ɗinta na waya ne, saboda haka yau ɗin nan ka yi wannan gwajin a ƙofar gida.

Maganar tamostat kuwa ita ce ta fi ci mini rai a sana'ar nan. Mota na sauka daga Kwatano, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. An ƙera injin nan ne ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri tamanin da wani abu. Tamostat ɗinsa a wajen 82 yake fara buɗewa. In babu shi, a doguwar hanya, balle da sanyin Jos, ruwan ba ya kai wannan zafin. Kwamfutar motar, wato birenbos, sai ta ɗauka har yanzu safiya ce injin bai ɗumama ba, ta yi ta zuba mai fiye da kima. Man da ya yi yawa ba ƙarfi yake ƙarawa ba: yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya baƙanta fulogi, ya toshe indomi a hankali. Daga nan sai a ce maka indomi ne matsala, a cire shi ma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In motarka tana zafi, lagireto ne ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko fanka. Su za a nema.

Ka samu 'yar na'urar nan ELM327 mai karanto bayanan birenbos, ba ta kai kuɗin rabin tankin mai ba. Ana cusa ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 take da shi, ta haɗu da wayarka ta manhaja irin Torque. Abu biyu nake so ka duba kana tafiya, wani na riƙe da wayar. Na farko zafin ruwa: in yana zaune a sittin da wani abu a kan babbar hanya, an cire maka tamostat ko ya maƙale a buɗe. Na biyu layin da aka rubuta LTFT, wanda ke nuna yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don ya daidaita lissafinsa. In ya haura +10, injin na samun iskar da ba a auna ba, ko kuma mai ba ya isa. A wannan injin wurare uku ake fara zargi. Akwai gasket ɗin bututun shigar iska, wanda ya yi suna wajen yoyo in ya tsufa. Akwai famfon mai, wanda ya kamata ya riƙe matsi tsakanin psi 44 da 50. Na arha yakan yi daidai a tsaye, sai an taka a kan hawa ya gaza, kuma yawo da tanki a ja kullum yana gajarta masa kwana. Sai sensar iska, wadda muke kira iyafulo.

Ita wannan sensar 'yan siraran wayoyi ne a cikin roba, bayan akwatin iyakilina, kusoshi biyu ke riƙe da ita. Birenbos yana ɗumama wayar, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka yake gane yawan iskar da ta shiga. Hunturu ɗaya ya isa ya yi mata riga da ƙura. Waya mai riga ba ta jin iska sosai, sai ta kai rahoton ƙarya cewa iska kaɗan ce, a rage mai daidai lokacin da ka fi bukatarsa. A fesa mata maganin wanke sensa, a bar ta ta bushe, kada a taɓa wayar da tsinke ko burushi, kada kuma a wanke ta da fetur. Ita kuma iyakilina, in ka ɗaga ta a rana haske bai ratsa ta ba, canza ta. Hurawar da yara ke yi da iskar mai faci tana yaga takardar ne ta inda ido ba ya gani.

Fulogi ka nemi na asali, Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, kuma ka sani jabunsu ya fi na gaske yawa a kasuwa. Wanda aka ce maka huɗu a kuɗin ɗaya, ka san abin da ka saya. Baƙin mai ka duba murfin injin, 5W-30 aka rubuta. Na'urar VVT-i da ke juya lokacin buɗewar bawul da matsin baƙin mai take aiki, ta wata 'yar hanya mai rariya ƙarama kamar kan yatsa. Mai kauri irin 20W-50 da aka bari ya wuce lokacinsa yakan toshe rariyar, injin ya rasa wani yanki na jansa ba tare da ya yi wata ƙara ba. In an taɓa sauke injin, a tabbatar sarƙar taimin ba ta tsallake haƙori ɗaya ba, don na sha ganin haka. Sannan a auna matsin silinda huɗun: kada ko ɗaya ya gaza psi 145, kada kuma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 15. In ya gaza, a nan maganar ƙarin ƙarfi ta tsaya, sai an yi ringi ko bawul. Wannan injin dama an san shi da shan baƙin mai in ringinsa ya cije.

Man da kake sha ma yana da hannu. In fetur ba shi da kyau, ko iska ta yi zafi da yawa, yakan fashe da kansa kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Akwai sensar da ke sauraron wannan ƙarar, tana ji sai birenbos ya jinkirta wutar fulogi don ya ceci fistin, ƙarfi ya ragu kai ba ka sani ba. In za ka hau dutse da lodi, ba ranar shan man 'yan bumburutu ba ce.

Yanzu shawarwarin abokanka. Indomi in lafiyarsa ƙalau, cire shi ba zai ba ka abin da za ka ji a jikinka ba. Abin da za ka samu shi ne wari, da hayaƙi mai guba ga na bayanka, da fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, da za ta zauna a kunne har abada, ta yadda ranar da wata cuta ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Ka kuma tambayi kanka me ya sa ake yawan ba da wannan shawarar kyauta: a cikinsa akwai ma'adinai masu tsada, platinum da palladium da rhodium, kuma masu saye suna zagaya gareji-gareji. Amma fa indomi yana toshewa da gaske, kuma alamarsa ta yi kama da abin da ka faɗa: mota ta tashi lafiya, a cikin gari ba laifi, in an taka a hawa sai ta yi kamar an toshe mata hanci. Gwajinsa ba wuya. A kwance sensar oksijin ta gaba, wadda ke jikin bututun hayaƙi kafin indomi, hayaƙi ya samu wata ƙofar, a ɗan zagaya kaɗan. In ƙarfi ya dawo a fili, ya toshe, sai a canza shi, a kuma gyara abin da ya kashe shi. In ba abin da ya canza, ka ɗauki motarka da indominka ka tafi.

Iyakilinar 'yan tsere, mai kamar hular kwano da ake ɗaurawa tsirara a cikin bonet, a ƙasarmu asara biyu ce. Akwatin da Toyota ta sa yana jawo iska ne daga gefen gaba inda take da ɗan sanyi. Ita kuwa wannan iskar bayan lagireto take zuƙa, wadda a go-sulo kan haura ta waje da digiri ashirin ko talatin. Koma kan lissafinmu na kashi ɗaya a duk digiri biyar ko shida, ka ga ɗan abin da ta ƙara ta hanyar buɗe hanya ta mayar da shi ta hanyar zafi. Na biyu, tana barin iska ta wuce da yawa ne saboda ramukanta manya ne, kuma ƙurar hunturu ba ta neman izini. Masu jiƙa ta da mai kuma, man yakan bi iska ya shafe wayar iyafulo. Abin da take bayarwa tabbas shi ne gurnani mai daɗi in an taka, kuma kunne yana yaudarar mutum ƙwarai.

Saboda wannan yaudarar, kafin ka taɓa komai ka samu miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, wani ya riƙe agogon waya, ku auna daƙiƙa nawa take ɗauka daga 60 zuwa 100, sau uku, ku rubuta. Duk abin da aka canza a koma wurin nan a sake aunawa da mutane iri ɗaya. Abin da agogo bai gani ba, babu shi.

'Yar na'urar doki 30 kuwa, in ka fasa irinta, abin da ke ciki bai wuce fitila mai ƙyaftawa ba. Wasu kuma ɗan resista ne da ke yi wa birenbos ƙarya cewa iska ta yi sanyi. Danginta su ne maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, da ƙarfen da wai yake murɗa iska, da 'yar fankar lantarki da ake sayarwa da sunan turbo. Ita fankar lissafi kaɗai ya isa ya kashe ta: injinka a juyi 6,000 yana neman iska wajen lita 5,000 a minti ɗaya, fankar da ba ta fi ta busar da gashi ba tare hanya kawai za ta yi. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta gwada na'urori sama da ɗari da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi abin a zo a gani ba. Da doki 30 na samuwa a kuɗin cin abincin rana, da Toyota ta riga kowa sawa.

Salansa ita ce mai ɗan gaskiya a cikin huɗun, amma ba yadda ake yin ta a bakin titi ba. Tukunyar baya mai faɗin baki ƙara kawai take canzawa. Inda ake samun riba shi ne bututan da ke fitowa daga kan injin. Hayaƙin kowace silinda da ƙarfi yake fita, dunƙule guda, kuma in ya wuce da gudu yakan bar wani gurbi a bayansa da ke zuƙo hayaƙin silindar da ke biye. In an auna tsawon bututan daidai, huɗu su haɗu su zama biyu, biyun su zama ɗaya, wannan zuƙowar tana taimaka wa injin a tsakiyar juyi, inda kai kake bukata. Bututu in ya yi faɗi da yawa, hayaƙin sai ya yi sanyin gudu, zuƙowar ta mutu, motar ta ƙara nauyi a ƙasa. Inji 1.8 bai bukatar fiye da inci biyu zuwa biyu da kwata. In ka haɗa bututai masu kyau, da hanyar iska mai sanyi ta gaske, da wanda ya iya saita birenbos, abin da za ka sa rai bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, mafi yawansa can kusa da jan layi. Birenbos na Toyota na wancan zamanin kuma ba ya karɓar sabon rubutu da sauƙi. A ganina, ga mai otomatik da ke ɗaukar iyali, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Wani zai ce a kankare kan silinda a ƙara matsi, wato ninki nawa fistin ke matse iska da mai. Daga 10 da injinka yake zuwa 11, ribar kashi biyu zuwa uku ce, da sharaɗin mai mai daraja. Mu kuwa famfo ɗaya gare mu a gidan mai, ba kamar Turai ba inda mutum ke zaɓar 95 ko 98. Ƙarar tsakuwar nan za ta zo, birenbos ya ja wuta baya, ka koma inda ka fito ko ƙasa da haka. Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, na tsere kuma ɗebo ƙarfi yake yi daga ƙasa ya kai sama, akasin abin da kake nema.

Abin da ya fi waɗannan duka arha shi ne ka duba tayoyinka. In 195/65R15 ne, tsayin tayar milimita 635 ne. Samari da yawa suna cire su su sa wili 17 da taya 215/55, don mota ta cika ido. Wannan tsayinta 668, wato ƙarin kashi biyar cikin ɗari, kuma daidai wannan kashi biyar ɗin ne ke raguwa a ƙarfin da ke isa ƙasa, a kowace giya, ban da nauyin wilin. Mutum ya sayi rashin doki shida da kuɗinsa, sannan ya tafi neman doki shida a wajen mai salansa. In an yi wa taka haka, koma girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba. But ɗin ma a zazzage shi. A motarka duk kilo tara da ka sauke kamar ka ƙara doki ɗaya ne, to tsohon batir, da jarkar ruwa, da akwatin sifiku, da ƙarfen kaya a kan rufi da ba a amfani da shi, ka haɗa su ka gani. Safaya da jak dai a bar su. In kana tunanin mayar da ita mai gas ta CNG saboda tsadar mai, ka shiga da saninka: ƙarfi kan ragu da wajen kashi goma, ga tukunyar da nauyinta ya kusa na mutum guda zaune a but.

In duk ka yi waɗannan, agogo ya nuna ta dawo hayyacinta, amma zuciyarka ba ta gamsu ba, to maganar ta koma ta babban kuɗi. Turbo ne maganin iskar tudu na gaskiya, tun da shi dura iska yake yi, sai dai ba ƙarfen kaɗai ake saye ba: nozul manya, na'urar sanyaya iska, birenbos na daban, wanda ya iya saitawa, da giyar da za ta jure. Akwai kuma masu ɗora 2ZZ-GE, ɗan'uwan injinka da Toyota ta yi tare da Yamaha, mai doki 180 a Celica GT-S da Matrix XRS na farko, 170 a Corolla XRS ta 2005. Inji ne mai daɗi, amma sai ya haura juyi 6,000 yake nuna halinsa, a ƙasa da haka kusan ɗaya suke da naka, matsinsa kuma 11.5 ne, mai mai daraja yake so. Sai ka haɗa da wayarinsa da birenbos ɗinsa da giyar hannu mai shida, ka kuma yi sa'ar samun lafiyayye a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka. Ga mai doya a but ba shi ne magani ba.

Da ni ne, in abin ya kai nan, sayar da ita zan yi in cika in sayi mai babban ciki. Ko nan ma ka yi lissafi. Camry mai 2.4 ta shekarun 2002 zuwa 2006 tana da doki wajen 157, amma nauyinta ya haura kilo 1,400, saboda haka in ba kaya kowane doki kilo tara yake ja, daidai da Corollarka. Inda ta fi taka shi ne murɗawa, wajen Nm 220, da kuma cewa mutum huɗu da buhu biyu ba sa canza mata lissafi kamar yadda suke canza wa ƙaramar mota. Shi ya sa take hawa ba ihu. A gidan mai za ka biya bambancin.

Ka yi gwajin totur da na zafin wili a ƙarshen makon nan, sannan ka turo mini zafin ruwa a kan babbar hanya, da LTFT, da matsin silinda huɗun, da lambar da ke jikin tayarka, da daƙiƙun 60 zuwa 100. In na gan su zan gaya maka wanda za a fara kwancewa. Allah ya tsare hanya.